Akwatin Gilashin Barikisu

Ni mai gyaran agogo ne a Alabar,
shekara talatin ina kasa kunne ga ƙarfe,
amma hancina ya fi duk agogon bencina gaskiya.
Biyar saura kwata,
gyaɗar ƙamshi ta tsallako kwata,
ta shigo ta taga ba sallama:
mai ya fara surutu a kaskon Barikisu,
Abuwabo ta farka tun ladan bai gyara murya ba.

Bofurot ne babban ɗaki a akwatin gilashinta,
dunƙule kamar hannun ɗan dambe,
baya ja, ciki fari, ƙofa-ƙofa kamar saƙar zuma.
Ɓare shi da zafi ka ga yana numfashi.
Tanko mai faci ya rantse da kabarin ubansa
wai Turawan bakin teku ne suka manta da shi,
suka kwashi zinariya, suka bar mana ƙulli mai tashi.
Mame Dufiye mai kifi ta tsuke baki:
kakarta ta soya shi tun dogo bai shigo Kumasi ba.
Suka juyo gare ni in raba gardama.
Ban ce uffan ba.
Bakina cike yake.

Akwai togbe, ɗan mutanen Ankara,
ya fi nauyi a hannu, ya fi daɗewa a ciki.
Ma'anar sunansa ba na faɗa gaban surukai,
mai son sani ya tambayi bunsuru.

Pinkaso kuwa namu ne, ɗan zango.
Albasa a ciki, attaruhu yana leƙe,
a barbaɗa suga, a tsoma a koko mai citta.
Kakana yakan ce funkaso ne ya biyo ayarin goro,
ya kwana Salaga, ya sha ruwan Yeji,
kafin ya iso nan sunansa ya ɗan karkace,
kamar yadda Hausarmu ta karkace,
kuma ba wanda ya ce ba Hausa ba ce.

Bara Sahadatu ta dawo daga makarantar girki
da wani baƙo mai hular cakulan,
an yayyafa masa tsaba ja da kore
sai ka ce ɗan yaye ranar Sallah.
Donat, in ji ta. Sidi goma.
Na ɗaga shi na hango titi ta cikinsa,
na ce, yarinya, har ramin zan biya?

Ni dai nawa ba ya shiga gilashi.
Ɗigon nan da ke kuɓucewa daga yatsun Barikisu,
ya faɗa gefen kasko, ya yi wutsiya, ya ƙone kaɗan,
wanda ake zuba wa yara gyara a takardar jarida,
mai ƙaras-ƙaras ƙarƙashin haƙori,
shi nake wa sammako.

Sai likitan Manshiya ya soki yatsana,
ya dubi lamba, ya dube ni ta saman tabarau.
Washegari na miƙa kuɗi kamar kullum,
Barikisu ta ci gaba da juya mai, ba ta ɗago ba:
Baba Isaka, Inna Lantana ta riga ka zuwa.
Ƙosai biyu aka naɗe mini.
Ƙosai!
Ni da na gyara mata agogon bango sau uku kyauta.

Yanzu jikata Muniratu nake rakowa,
in tsaya ta inda iska ke kaɗo hayaƙi,
in sha rabona da hanci.
Jiya ta cinye mai cakulan a hankali, kewaye-kewaye,
har ya rage siririn zobe a yatsunta,
ta manna shi a idona tana dariya:
Kaka, ga naka, ramin.
Babu suga a ciki.

Na karɓa da hannu biyu.
Da ta juya tana kallon torotoro,
na lashe babban yatsana.