Aji na Biyu

A ofis, a Yamai, aikina jera haɗari.
Bandeji da sandar gurgu, aji na ɗaya.
Na'urar da ake dasawa a ƙirji
tana can ƙoli, takardunta sun fi tubali nauyi.

Yau ta kunne ce ta iso teburina,
ƴar abu kamar ƙwayar gujiya.
Ba ta huda fata, ba ta taɓa jini,
sai dai in ƙararta ta yi yawa
ta cinye ɗan jin da ya rage.
Na rubuta: aji na biyu, matsakaici.
Na buga hatimi.

Babana Tanimune, a Tawa,
shekara talatin yana gyaran rediyo,
daga tarin akwati yake gane ciwonsa.
Yanzu tafin hannu yake ɗorawa kan lasifika
ya ji ko tana motsi.

Bara ya sayi tasa a faranti, bakin tasha,
jaka biyar, ba takarda, ba sunan ƙasa.
Kwana tara tana masa fito kamar butar shayi,
ya cire, ya jefa a gwangwanin kusoshi.

Ran suna sau uku ya tambayi sunan jikarsa.
Bai yi na huɗu ba, murmushi ya yi.
Har yau "ke, yarinya" yake ce mata.

Takardar tana da gurbin haɗarin sawa.
Na juya bayanta, na sake juyawa,
ban ga gurbin haɗarin rashi ba.

A gefe, da fensir, na rubuta ƙanana:
Sunanta Sahura, Baba.
Na goge kafin shugaba ya shigo.