Gwangwanin Iya Tabawa

Ranar da muka yaye rufin tsohon ɗakinmu na Gangare,
tsakanin kwano da azara
muka tsinci gwangwanin alewa, tsatsa ta ci bakinsa.
Ba ko kwabo a ciki. Ƙanena ya ja tsaki ya koma kan tsani.
Ni na kifa turmi na zauna, na kwance zaren.

Ta farko ajami ce, tawadar ta koma ruwan goro.
Sai da na kai wa Malam Sidi na bakin Dilimi,
ya gyara tabarau, ya bi ta da ɗan yatsa:
"Daga Barau, a Kazaure, zuwa ga ƙanensa Ilu mai haƙar kuza.
Bayan gaisuwa, sule biyar sun iso.
An biya haraji, an saya wa Inna gishiri.
Ka ce sanyin can yana tsaga leɓe, ga man shanu nan.
Yaushe za ka dawo?"

Bai koma ba. Mu ne amsar.

Rabin zance kaɗai muka gada.
Abin da Kaka Ilu ya rubuta ya bi jirgi ya yi arewa,
ya bar mu muna kasa kunne
kamar mai jin hira ta bayan katanga.

Ta huɗu gajeriya ce,
Barau ya danne alƙalami har ya huda takarda:
"Mun ji ka auri 'yar duwatsu.
Inna ta yi kuka. Da ta share ido ta tambayi sunanta."

Sunanta.
Mu Iya Tabawa muka sani,
mai waina a bakin titi, mai jan carbi,
wadda in ranta ya ɓaci takan yi ƙunƙuni da wani harshe,
mu ce tsufa ne.
In Baba ya tashi jero mana asali,
Ilu ɗan Sambo ɗan Jatau ɗan Maiƙarfi,
maza yake ɗorawa kan maza kamar tubali,
ita ko lungu ba a bar mata ba.

Can ƙasan gwangwanin ga wasu da boko, da fensir,
a fallen littafin makaranta, da hatimin gidan wayar Bukur:
"Zuwa ga 'yar'uwata Kangyang.
An yanke acca. Gonarki ta gefen rafi tana nan, ba wanda ya taɓa.
Na ji kin haifi namiji.
Ko me kuka raɗa masa, mu nan Davou muke ce da shi.
Naki, Dalyop."

Namijin nan Babana ne.
Shekara saba'in da ɗaya yana amsa Tanimu,
ashe akwai tsaunin da ke kiransa da wani suna.
Na ce, Allah sarki, ya rasu bai sani ba.
Sai ga tasa daga makarantar Keffi,
rubutu tsaye ƙyam kamar soja:
"Iya, a aiko min sabulu da ƙuli-ƙuli.
In kin je Du, ki gai da Kawu."

Ya sani.

Wace shekara gaisuwar ta mutu a hanya?
Takarda ba ta faɗa ba. Ba a rubuta shiru.
Ni dai na tashi na tarar garin nan ya ja layi,
aka koya mana unguwar da ake kwana
da wadda ba a bari magariba ta riske ka.

Jiya na sayi ambulan, mai shagon har yana dariya.
Ba ni da lambar kowa, ba ni da adireshi,
sai sunan ƙauye da sunan mamaci.
Na rubuta:
"Zuwa ga duk wanda ya rage a gidan Dalyop.
Bayan gaisuwa, ba gona nake nema ba.
Ni jikar Kangyang ce, 'yar Davou.
Ku duba saman azara.
In akwai gwangwani a wajenku,
ɗaya rabin zancen yana hannuna."