Kalmar da Ta Dawo Gida

Jikata Mirto ta zo da littafi,
ta zauna bakin tagar da ke kallon tekun Tasalonika,
ta ce, Kaka Efantiya, mece ce distopiya?

Na ce miƙo wuƙa, mu tsaga ta biyu
kamar yadda nake tsaga ɓaure.

Dis, ai kin san shi.
Shi ke gaban sunan ciwona a takardar likita,
numfashin nan mai hawa da ƙyar
kamar jaki da kaya a kan tudu.
Duk abin da ya raɓa, sai ya karkace.

Topos kuwa wuri ne kawai:
gonar zaitun, kujerar kakanki a shagon kofi.

Ƙyallayen namu ne, ɗinkin na Ingila.
An yi ta ne don mayar wa wata kalma martani,
mai nufin wurin da babu shi,
ko wuri mai kyau. Harafi ɗaya ne tsakani.
Sannan ta dawo mana sanye da kwat.

Mirto ta ce, ai ƙage ne, Kaka,
ƙasar da bango ke da kunne.

Ban tanka ba.
Na tuna shekarun tankoki,
da daren da aka buga ƙofar Lambros maƙwabcinmu.
Matarsa ta ci gaba da ajiye masa faranti
har hunturu bakwai.
Lokacin ba mu san sunan ba.
Cewa kawai muke: nan.

Na tura mata rabin ɓauren.
Ci, na ce, kafin ƙudaje su riga ki.