Awon Ƙugu

Tsaya nan, Zubairu, ɗaga jamfar.
Kar ka tsuke ciki, ba hoto za mu ɗauka ba.
Ƙugun da ya yi wa baduku ƙarya
shi ke kwana da kanta.

Wannan bel na gwanjo da ka tsinto a Kasuwar Barci
wando kaɗai ya iya riƙewa.
Rataya masa ƙarfe ka gani,
kafin azahar ya langaɓe kamar lawashi a miya.
Ga nawa: ƙirgin sa, ninki biyu,
basilla ta bi shi tun daren jiya.
Lanƙwasa shi. Ka ji yana gardama?
Abin da zai ɗauki nauyi
dole ya iya cewa a'a.

Kuben nan zai zauna,
bayan ƙashin kwankwaso kaɗan,
inda hannu ke faɗawa in mutum ya gaji da tsayuwa.
Bakinsa ya rufe kunama ruf,
ko zaren riga kar ya sami hanyar leƙa ta.
Kunama fa aka ce.
Wanda ya raɗa mata suna ba raha yake yi ba.

Ja. A'a, sassauta,
ba buhun gawayi kake ɗaurewa ba.
Bar wa tuwo masauki.

Zauna a bencin can. Tashi.
Sunkuya kamar ka hango naira hamsin a ƙasa.
Yi ruku'u.
In ya tokare ka a rumfata
zai tokare ka a cikin keke daga Kawo har Kakuri,
kuma fuskarka za ta faɗi abin da rigarka ta ɓoye.

Saki jamfa mu gani.
Shadda mai sitaci ta iya rufa asiri,
yadi mai santsi ɗan tsegumi ne.
Kuma ka daina shafa wurin!
Ku sababbin masu farin kaya duk haka kuke,
hannu na kai wa ƙugu gaisuwa
kamar harshe da haƙori mai ciwo.
Mai shayin bakin layi ma zai gane ka.

Ofis sun ba ka lamba, sun ba ka takarda,
sun koya maka harbi.
Ni fata na sani, sai abu ɗaya:
in ka shiga gida, akwai mai rarrafe.
Akwati da makulli tukuna, sannan ka ɗauke ta.

Ni na auna mahaifinka, Sufeto Haladu,
a kan wannan tabarmar, ƙugunsa bai kai naka ba.
Shekara ashirin da shida bayan nan ya dawo mini da kuben.
Gumi ya cinye bayansa, ya yi baƙi kamar gindin tukunya,
amma bakin,
bakin yana nan da kaifin wuƙata.
Ya ce: Tanimu, ban taɓa zarewa ba sai don gogewa.
Ya faɗa a hankali, kamar mai jin kunya.
Ban taɓa jin yabon aikina da ya kai wannan ba.

To, ga naka.
Dubu tara ne, ban da ragi.
Je ka, Allah ya sa gumi ne zai kashe shi,
bakin kuwa ya tsufa bai san hanya ba.