Sunan da Aka Ba Tafiyata

Shekara talatin da ɗaya ina duba kwalabe
a masana'antar da ke kwarin Rhymney,
ina ɗaga su ga fitila ɗaya bayan ɗaya,
mai tsaga in ware ta, lafiyayya in bar ta ta wuce.
Idona ya iya hango aibi tun yana jariri.
Ashe ranar da zan fi buƙatar idon nan
ita ce ranar da na manta tabarau a mota.

Litinin ce, ana ta yayyafin nan namu marar ƙarewa.
Mista Prosser ya kira ni ofis,
ya haɗa mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.
Ya ce, "Eirlys, kin yi mai wuyar. Je ki huta."
Ya turo takarda, alƙalami na kwance a kanta.
Na sa hannu.
Wace ce za ta tsaya bin ƙananan rubutu
a gaban mutumin da ya zo jana'izar mijinta?

Sati uku aka yi, sai labari ya iso ni a shagon burodi:
an kashe layi na huɗu ɗungurungum,
an kwance injin, an loda shi a tirela.
Su Bronwen da Idwal, nasu an kira shi ragin ma'aikata,
an lissafa musu kuɗin sallama, kowace shekara da ladanta.
Ni kuwa wai ritaya na yi don raɗin kaina.
Sallama ko sisi,
fanshon ma an gutsure shi, wai na fito da sauran shekara shida.

Ƙofa ɗaya muka bi.
A ƙusa ɗaya muka rataye rigunan aiki.
Suna kawai aka sauya wa tafiyar,
sunan ya lanƙwame fam dubu goma sha tara.

Gethin na ƙungiya ya zo da jakarsa mai ɓallallen zif,
ya ture kwanon sukari, ya baje takardu a teburin kicin.
Ya ce, "Kujerarki, an ɗora wani a kai?"
Na ce kujerar ma ta bi tirela.
Ya ce, "To ba ke kika bar aiki ba, aiki ne ya bar ki.
Tun Fabrairu suka san za su rufe,
ga wasiƙarsu, ga kwanan wata.
Sai dai sa hannunki na nan daram,
kuma da shi za su kama ki."

Ranar sha huɗu za mu Cardiff, kotun ma'aikata.
Lauyansu zai ce ba wanda ya riƙe mini hannu.
Bai yi ƙarya ba. Shayi kawai aka ba ni.
Ni kuma zan ce ƙofa biyu ce a ɗakin,
aka nuna mini ɗaya, aka tsaya a gaban ɗayar.
Ko alƙali zai ga haka, oho.
Gethin ya ce kada in sa rai da yawa, kada kuma in cire.

Jikata Nerys ta ɗaura wa tabarau igiya,
yanzu a wuyana yake kwana.
Daren jiya barci ya ƙi zuwa,
na ɗauko takardar, na ɗaga ta ga fitilar kicin
kamar yadda hannuna ya saba.
Ga tsagar nan a layi na tara, siririya kamar gashi:
"bisa buƙatar ma'aikaciya."

Ban buƙaci komai ba.
Na ware ta gefe.