Awon Iska

Mahaifina awon gero ya yi a Dawanau,
shekara talatin da tiya ɗaya
har bakinta ya yi sulɓi.
Ni kuwa iska nake aunawa.
Ran da na faɗa masa, ajiye buta ya yi ya dube ni:
"Hansatu, wa zai saya?"

Bayan jami'a, ta hanyar Gwarzo,
inda darbejiya ta haɗa kai da mangwaro,
nan muka kafa hasumiyar ƙarfe.
Taku arba'in da biyu ne zuwa ƙoli,
kullum sai na ƙirga,
don har yau ƙafata ba ta amince da ita ba.
A can sama na'ura ta ware yatsu shida,
sau goma a daƙiƙa tana tsare iska da tambaya:
daga ina, zuwa ina, me kika ɗauko?

Da hantsi ganye ke cin kasuwarsa.
Yana zuƙe iskar kabon ba tayi ba albarka,
layin da ke fuskar kwamfuta ya sulale ƙasa
kamar guga a rijiyar rani.
Da dare kuma ƙasa ta buɗe baki,
saiwa da gara da ruɓaɓɓen ganye,
kowa ya maido wani abu daga abin da aka ara.

In iska ta juyo daga gabas sai ta zo da gari a goye:
cunkoson Kabuga, adaidaita sahu ɗari na tari,
janareton mai walda, hayaƙin tukubar tsire.
Layi ya zabura.
Kano ce ta yi gyatsa, in ji Baba Ilu mai gadi.

Ran da ruwan farko ya sauka
ƙasa ta sauke ajiyar zuciyar da ta riƙe wata bakwai.
Kowa a unguwa ya shaƙi ƙamshin.
Ni na ga lambarsa, ƙarfe huɗu da rabi,
na rasa wanda zan nuna wa.

Wata Laraba kurciya ta yi kashi a madubin na'ura,
aikin kwana uku ya bi ruwa.
Baba Ilu ya ce in rubuta, ita ma rahotonta ta kawo.

Abin da ke hana ni barci daban ne.
Rana ta zubo abin da za ta zubo, na auna.
Wani kason ya nutse cikin ƙasa,
wani ya tashi da zafi,
wani ya bi tururin da ganye ke fitarwa.
In na tara su, ba sa cika.
Kusan ɗaya cikin biyar ba ya nan.
Na canza waya, na goge madubi, na sake lissafi har asuba,
giɓin na nan zaune kamar mai bin bashi.

Jiya na kai wa tsoho ƙarar a Kurna.
Idonsa ya yi hazo yanzu, da hannu yake gane hatsi.
Ya daɗe yana murza ƙwayar dawa a tafinsa, sannan ya ce:
"Ko dai tiyarki ta lotsa,
ko akwai wanda ake yi wa gyara ba ki san shi ba.
Amma fara duba tiyar."

Gobe da sassafe zan hau,
tsumma a aljihu, sukundireba a baki.
Ɗaya, biyu, uku.