Gurbi

A Karaikudi, ƙarfe biyun dare,
fanka na juya zafi, ba ta korar sa.
Thenmozhi ta buɗe tanderu.
Garin tutiya, da safe fari fat kamar alli,
yanzu ya yi kore-kore
saboda ɗan kobal da ta barbaɗa masa.

Tutiya ba ruwanta da maganaɗisu,
ko har ƙofa ya zo, ba ta tashi.
Amma yau layin na'ura ya rabu biyu,
siriri, kamar idon mai gyangyaɗi.

Arivazhagan ya ce, "Cokalinki na ƙarfe ne.
Tsatsa kike aunawa."
Ba ta tanka ba. Ta sayo na roba,
ta sake komai. Sati uku.

Idon bai rufe ba.

Ta ƙara kobal, ja ya ragu.
Ta hana garin iska a wuta, ja ya ƙaru.
Ashe ba baƙon kaɗai ke ja ba,
har da gurbin da iska ta bari.

Ta rubuta lambar, ta kashe fitila.
A gida kujerar babanta na nan jikin taga,
shekara huɗu ke nan,
duk wanda ya shigo, can yake fara dubawa.